Agogon Biro da Zafin Bazara: Lokutan Aiki a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai

Akasarin gine-ginen Jami'ar Abdou Moumouni suna Harobanda ne, a ƙetaren kogin Isa, alhali yawancin unguwannin Yamai da ma'aikatun gwamnati da manyan kasuwanni suna ɗaya gaɓar. Shekara arba'in gada guda ce ke haɗa gaɓoɓin biyu, wato Gadar Kennedy da aka buɗe a 1970, shekara ɗaya kafin a kafa cibiyar ilimi mai zurfi wadda ta rikiɗe ta zama jami'a a 1973. Sai a 2011 aka samu gada ta biyu da ƙasar Sin ta gina, ta uku kuma mai sunan Janar Seyni Kountché ta zo a 2021. Daga nan ya kamata a ɗauko zancen lokutan aiki a wannan jami'a, domin sakatariyar da ke zaune a Talladje ko Banifandu ba a bakin ƙofar biro aikinta ke farawa ba. Tun a bakin titi yake farawa, inda take jiran taksi ko faba-faba, kuma babu takardar da ke ƙirga wannan lokaci.

Abin da takarda ta sani shi ne awa 40 a mako. Wannan adadi yana da tarihinsa, kuma ba kyauta aka ba da shi ba. A watan Afrilun 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Ma'aikatan Faransa sun samu mako mai awa 40 tun 1936, amma na Afirka ta Yamma sai da suka yi yajin aikin gama-gari ranar 3 ga Nuwamban 1952 kafin kundin dokar aiki na ƙasashen ƙetare ya zama doka a Disambar shekarar. Kundin dokar aiki na Nijar na yanzu, wanda aka sa wa hannu ranar 25 ga Satumban 2012, ya riƙe adadin nan, kuma shi ne ma'aunin da ofisoshin gwamnati ma ke bi. Sai dai sanin yawan awoyin bai ce komai ba game da inda aka ajiye su a cikin yini, kuma a garin da zafi kan kai maki 41 a watannin Afrilu da Mayu, wurin ajiye su ya fi adadinsu tasiri a jikin ma'aikaci.

A da, yinin aiki kashi biyu ne. A shiga da safe, a tashi wajen sha biyu da rabi, kowa ya tafi gida ya ci abinci ya yi ƙailula, a dawo bayan ƙarfe uku a kai har kusan magariba. A zamanin Shugaba Tandja Mamadou aka koma tsarin yini ɗaya a jere: gajeren hutu da azahar, a yi desant, wato a tashi daga aiki, da la'asar, ranar Juma'a kuma rabin yini. Hujjar canjin a fili take. Tsohon tsarin yana sa ma'aikaci ya ƙetare gada sau huɗu a rana, ya biya kuɗin mota ko na mai sau huɗu, kuma da yawa idan sun tafi ba su dawowa. Sabon tsarin ya rage wannan wahala da rabi. Amma ya ɗauki awoyin da suka fi kowanne zafi, daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu, ya mayar da su awoyin aiki, bisa zaton cewa akwai wuta, akwai fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, akwai wurin cin abinci kusa. Tsari ne da aka auna da jikin ofishin minista.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da abin da ya biyo bayansa sun gwada wannan zato. Kafin juyin mulkin, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Da takunkumin ECOWAS ya sauka aka katse layin, ba a mayar ba sai bayan an ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Ko babu takunkumi, ɗaukewar wuta da bazara ba baƙon abu ba ne a Yamai. Kuma a shekarun 2022 da 2023 da 2024 azumi ya faɗo a cikin Maris da Afrilu. A kwatanta anfi, wato babban zauren lacca, cike da ɗaruruwan ɗalibai da ƙarfe biyu na rana, fanka a tsaye, malami da ɗalibai duk da azumi a baki: an cika awa a takarda, amma ba a san abin da ya shiga kai ba. Abin ban takaici shi ne mutumin da jami'ar ke ɗauke da sunansa tun 1992, Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, ya ƙarar da rayuwarsa ne wajen nazarin makamashin rana, ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ONERSOL, ya kuma riƙe jami'ar kanta kafin rasuwarsa a 1991.

A cikin harabar kuwa ma'aikata iri biyu ne, kowanne da agogonsa. Akwai ma'aikatan gudanarwa da na fasaha, waɗanda kowa ke kira PAT: sakatarori, masu kula da ɗakin karatu, masu haɗa kayan gwaji a labo, direbobi, masu gadi. Su ana auna su ne da zama, a gan ka a kujera daga shiga har desant. Sai malamai masu bincike, waɗanda ake auna su da awoyin koyarwa a shekara. A Faransa, inda aka kwafo tsarin, dokar 1984 ta ɗora wa malamin jami'a awa 128 na lacca ko 192 na darussan ƙananan rukuni, ragowar lokacinsa na bincike ne. A akasarin jami'o'in da ke ƙarƙashin CAMES, majalisar da aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu, nauyin koyarwa yana raguwa ne yayin da mutum ke hawa matsayi. Ƙaramin malami shi ke ɗauke da mafi yawan aji, kuma shi ne ya fi bukatar lokacin rubutu, tunda CAMES da maƙalolin da aka buga take ƙarin girma, ba da yawan takardun jarrabawar da aka gyara ba.

A nan ƙididdigar ta fi yin ƙarya. Awa ɗaya a gaban ɗalibai ita ake gani, ita ake biya idan ta haura ƙa'ida. Gyaran takardun ajin farko mai ɗaruruwan mutane, duba kundin ɗaliban masta da dokta, zaman tantance sakamako, shirya darasi, duk a gida ake yin su da dare ko Asabar da Lahadi. Tsarin lisans da masta da dokta ya raba shekara zango biyu, kowanne da jarrabawarsa da ta masu gyara, ya ninka wannan aiki na ɓoye ba tare da ya ninka masu yin sa ba. Daga 2010 aka buɗe jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Dosso da Tilaberi. Manyan malamai ba su wadata ba, don haka na Yamai kan ɗauki hanya su je su dunƙule darasin zango guda cikin ƴan kwanaki, safe da yamma, su dawo su tarar da nasu ajin yana jira. Gefe guda kuma ga bakater, malamin haya da ake biya da awa, galibi bayan dogon jira. Shi ne ya fi kowa sassaucin lokaci, kuma shi ne ya fi kowa rashin tabbas.

Sai batun hutu. Yajin aikin malamai da na ɗalibai, haɗe da ƙarancin azuzuwa, sun daɗe suna sa shekarar karatu ta hau kan wata. Rikicin da ƙungiyar malamai ta SNECS ta yi da gwamnati a 2018 da 2019, kan ko zaɓen shugabannin jami'o'i za a riƙa yi ko naɗa su, ya ci makonni masu yawa na karatu. Duk lokacin da aka tashi cike giɓi, hutun damina ake yanka. Malamin da ya yi yajin ya san abin da ya saya da shi. Ma'aikaciyar sashen rajista kuwa ba ta yi yaji ba, amma ita ma hutunta ya tafi, domin rukuni biyu na ɗalibai ne a gabanta lokaci guda.

Wani zai ce ai sassauci ya riga ya yi yawa a ma'aikatun Nijar, abin da ya rage shi ne horo. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Masana a cibiyar LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001, musamman Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou, sun daɗe suna nuna cewa tsakanin dokar da ke rubuce da abin da ma'aikaci ke yi akwai wasu ƙa'idoji na aikace, waɗanda ba a rubuta ba amma kowa ya san su. Barin biro don zuwa suna ko ɗaurin aure ko jana'iza yana cikinsu. Ba lalaci ne kawai ke kawo haka ba: wanda bai je gaisuwar mutuwar maƙwabci ba ya san abin da zai tarar ranar da tasa ta same shi. Abin da ya kamata a duba shi ne wa ke cin moriyar waɗannan ƙa'idoji. Farfesa zai tafi jana'iza a Dogonduci ya ɗage darasinsa da saƙon WhatsApp guda. Mai share labo sai ta roƙi shef, kuma amsar ta danganta da yadda suke da shi a wannan makon. Sassaucin da ba a rubuta ba alfarma ce, mai bayarwa kuma yana iya janye ta ranar da ya ga dama.

Mata ne suka fi jin nauyin wannan. Kundin 2012 ya ba mai haihuwa hutun mako 14, ya kuma ba mai shayarwa har awa ɗaya a kowace ranar aiki. Awa ɗaya tana da amfani ga wadda ke zaune a Lamorde ko Karaje, kusa da harabar. Ga wadda jaririnta ke Lazare, awar za ta ƙare tun ba ta sauka daga taksi ba. Hanyar da ta dace da taswirar garin ita ce a yarda a haɗe awar da lokacin shiga ko na tashi, a rubuce, ko a samar da ɗakin reno a cikin jami'ar.

Magungunan da ake tallatawa daga waje ba su cika dacewa da ciwon ba. Aiki daga gida ya sha gwajinsa a 2020, lokacin da aka rufe makarantu da jami'o'i daga 20 ga Maris zuwa farkon Yuni saboda korona. Wanda ke da kwamfuta da intanet da injin wuta ya ci gaba da rubutunsa. Mai gadi da mai haɗa sinadarai da mai kula da tsofaffin rubuce-rubucen ajami a cibiyar IRSH ba su da aikin da za su ɗauka su kai gida. Mako mai kwana huɗu shi ma an gan shi a yankin. Yahya Jammeh ya ƙaƙaba shi a Gambiya a 2013, ta hanyar tsawaita yinin daga takwas na safe zuwa shida na yamma, Adama Barrow ya soke shi a 2017. Jihar Kaduna ta ɗauke shi a Disambar 2021, jihohin Kwara da Edo kuma suka rage ranakun zuwa ofis bayan cire tallafin mai a 2023. Duk waɗannan kuɗin mota suka rage wa ma'aikaci, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma yini mai awa goma a Yamai cikin Afrilu ƙarin azaba ne, jami'ar da azuzuwanta ba su isa ba ko da ana karatu kwana shida kuwa ba ta da ranar da za ta yar.

Abin da ya fi kama hankali shi ne jadawali mai bin yanayin shekara. Daga Maris zuwa farkon damina a fara da sassafe, manyan laccoci su ƙare kafin azahar, a bar tsakar rana ga aikin da ba ya bukatar cunkoso, a buɗe wani zangon bayan la'asar ga masu so, musamman ɗaliban masta da ke aiki a gari. Da sanyi a koma yini a jere. Ofisoshin da ɗalibai ke layi a gabansu su yi karɓa-karɓa, rukuni na safe da na yamma, ta yadda taga za ta daɗe a buɗe ba tare da an ƙara wa kowa awa ba. A ƙayyade kwanakin uzurin zumunci a shekara, adadi ɗaya ga farfesa da mai shara. A kuma sa duba kundi da gyaran jarrabawa cikin lissafin nauyin malami, gwargwadon yawan ɗalibansa.

Kalanda ba ta gagari canji ba idan an ga dole. A 2020 kogin ya yi cikar da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, ruwa ya shiga unguwannin Harobanda, a 2024 kuma ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawa makarantu daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. Ruwa yakan zo da ɓarnar da ake ɗauka a hoto, shi ya sa ake saurin yi masa biyayya. Zafi kuwa kowace shekara yana zuwa a kan lokacinsa, ba ya rushe katanga, sai dai ya cinye awoyin rana a hankali. Matsalar ita ce teburin da za a tattauna wannan. Zaman gwamnati da SNECS yakan ƙare ne a kan bashin kuɗin awoyin ƙari da alawus na bincike da dokar matsayi, kuma waɗanda jadawalin biro ya fi ƙuntata wa, ma'aikatan PAT da bakater, ba su ne ke da babbar murya a wurin ba. Gyaran jadawalin bazara bai kai gina anfi guda tsada ba, kuma wani ɓangarensa, irin su lokutan laccoci da karɓa-karɓar ofisoshi, majalisar jami'ar da shugabannin tsangayoyi na iya fara shi tun kafin wata doka ta fito daga ƙetaren gada.