Dandalin da Aka Yi wa Katanga: Tarihin Gidan Samari a Ƙasar Ƙonni da Adar

A manyan garuruwan gundumomin Nijar, irin su Birnin Ƙonni da Illela ta ƙasar Adar, akwai gidan da hukuma ke kira Gidan Matasa da Al'adu, jama'a kuwa suka taƙaita sunansa na Faransanci suna ce masa emjise. Irin waɗannan gidaje ba su cika ƙawa ba: katanga ce ta kewaye fili, da dakalin siminti na masu wasa, da wurin zaman ƴan kallo a ƙarƙashin sarari. Baƙon da ya leƙa da rana zai iya wucewa bai ga abin tsayawa ba. Amma a bisa irin wannan dakali ne wasan kwaikwayon Hausa na Nijar ya yi ƙuruciyarsa, kuma a nan ne hukuma da talakawa suka daɗe suna ja-in-ja a kan wanda ke da bakin magana idan an kaɗa ganga.

Kafin a gina katangar, dandali ne gidan wasa. A nan ƴan mata ke gaɗa da farin wata, makaɗan kalangu da na gurmi ke samun abin sawa a baka, ƴan kama ke ba da dariya, samari kuma ke tsara gayya a ƙarƙashin sarkin samari. Fada tana da nata makaɗa, ƴan bori da ƴan kokowa suna da nasu. Babu tikiti, babu sa'ar farawa, babu kuma iyaka tsakanin mai wasa da mai kallo, domin wanda ya tafa yanzu shi ne zai shiga fage an jima. Wasan da ake hawa dakali a yi, wanda ake kira teyatur, ta ƙofar lakwal ya shigo a zamanin Faransawa, malaman makaranta ne kuma suka fara riƙe shi. Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta riƙa shirya makon matasa, inda ƙungiyoyin jihohi ke gwada basirarsu a Yamai.

Babban sauyi ya zo ne bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974. Seyni Kountché ya rushe jam'iyya, ƙasa kuma tana fitowa daga matsanancin fari, sai ya nemi wata igiya da zai ɗaure mulkinsa da karkara. Ya same ta a tsohuwar al'adar samari, wadda aka farfaɗo da ita da sunan Samariya, aka ba ta reshe a unguwanni da ƙauyuka. Ƴan Samariya sun gina azuzuwa, sun shuka itatuwa, sun share tituna, da dare kuma su ne ƴan wasa. Daga 1976, lokacin da aka buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram, sai aka kafa tsani: ƙauye ya kara da ƙauye, gwanaye su haɗu a babban garin gunduma, waɗanda suka yi fice su tafi Tawa, daga can a zaɓi masu wakiltar jiha a gaban ƙasa baki ɗaya. A wancan zamani Malbaza, garin masana'antar siminti, tana cikin gundumar Ƙonni, sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Ke nan dakalin Ƙonni da na Illela su ne matakin da ɗan ƙauye ke fara takawa kafin ƙasa ta ji sunansa.

Wasannin da aka yi a waɗannan gidaje suna da tsari nasu. Ba a cika rubuta su ba. Ƴan ƙungiya kan zauna su amince a kan labari, kowa ya ɗauki matsayinsa, magana kuma ta fito daga bakinsa yadda ta zo, a gyara ta daga gwaji zuwa gwaji. Wannan hanya ce Janet Beik ta bayyana a littafinta na 1987 a kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, ita ce kuma ƙungiyar Yazi Dogo, malamin makaranta a Damagaram, ta kai ƙololuwa har rediyo da talabijin suka yaɗa ta. Jigogin kuwa na rayuwar yau da kullum ne: tsadar aure, cin hanci, sa yara lakwal, da tafiya cin rani, wadda ga mutanen Adar da Ƙonni ba tatsuniya ba ce, tun da iyakar Najeriya tana ƴan kilomitoci kaɗan daga Ƙonni.

Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hukumar da ta gina dakali ita ce ke zaɓen alƙalan gasa, manyanta ne ke zama a sahun gaba, saƙonta na haɗin kai da aikin raya ƙasa ne kuma ake so a ji. Ana iya yi wa ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi ko ƙaramin ma'aikaci mai karɓar toshiya dariya, amma dariyar ba ta hawa sama da haka. Duk da wannan ƙangi, an samu riba biyu da ba a iya musu. Ta farko, Hausar gari, da karin harshen Adar, ta hau dakalin hukuma a ƙasar da Faransanci ke riƙe da ofis da aji. Ta biyu, makaɗi da mai ba da labari sun samu darajar da al'ada ba ta cika ba su ba. Gidan al'adu na Tawa yana ɗauke da sunan Albarka Cibau, gwanin tatsuniya wanda Moustapha Alassane ya ɗauka a fim, gasar kiɗan zamani da aka ƙirƙiro a 1987 kuma aka sa mata sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin ƙasar Tawa.

A shekarar nan ta 1987 Kountché ya rasu. Taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, Samariya kuwa, da yake ana ganin ta ƴar gidan tsohon mulki ce, ta watse. Aljihun gwamnati ya ƙafe, faɗuwar darajar sefa a 1994 ta ƙara tsananta lamarin. A daidai lokacin ne finafinan bidiyo na Kano suka ƙetaro iyaka, ɗakunan kallo suka cika unguwanni, daga baya wayar hannu ta sa kowa ya zama mai gidan kallon kansa. Gidajen samari suka koma wurin taron siyasa, da bikin ƙarshen shekarar makaranta, da wasannin faɗakarwa na ƙungiyoyin agaji, da casun mawaƙan zamani lokaci zuwa lokaci. Ko bukukuwan 18 ga Disamba da aka riƙa kewayawa da su, kamar Tawa Sakola na 2017, manyan biranen jihohi ne suka fi cin moriyarsu.

Abin da ke cikin haɗari a yau ya fi gini. Da yake wasannin ba a rubuce suke ba, ma'ajiyarsu ita ce ƙwaƙwalwar waɗanda suka yi su, saurayin da ya hau dakali a 1976 kuwa yanzu ya ba sittin baya. Malamin da zai kai ɗalibansa ziyara gidan samari, zai kyautu ya gayyaci tsohon ɗan Samariya ya zauna da su, ya faɗi labarin wasan da suka kai Tawa, a ɗauki muryarsa ko da da waya ce, yara kuma su sake tayar da wasan da bakinsu. Ƙungiyoyin al'adu na iya roƙon magajin gari dare ɗaya a wata, a ba makaɗan gari fage ba tare da jiran baƙo daga Yamai ba. A da, umarni daga sama ne ke cika waɗannan gidaje. Wannan umarni ya tafi, ƙangin da ya zo da shi ma ya tafi. Ko dakalin zai sake jin ƙafar masu wasa, yanzu magana ce da ke hannun mutanen gari.