Ruwan da Ke Fita wa Mace Lokacin Saduwar Aure: Bambance Lafiya da Cuta

Gabatarwa

Mun shirya wannan bayani ne domin ma'aurata, ungozomomi, jami'an kiwon lafiya da shugabannin al'umma na ƙananan hukumomin Batsari da Safana. Kunya takan hana a yi magana a kan wannan al'amari, sai rashin sani ya haifar da ɓarna. Akwai matar da ake zargi da fitsarin kwance ko ciwon sanyi alhali lafiyarta lau, har abin ya taɓa aurenta. Akwai kuma wadda ke fama da cuta ta gaske amma ta ɓoye, tana zaton haka kowace mace take. Manufarmu ita ce a san bambancin waɗannan biyu.

Addini bai hana neman wannan ilimi ba. Ya zo a Buhari da Muslim cewa Ummu Sulaim ta tambayi Manzon Allah (SAW) game da wankan mace idan ta yi mafarki, ya kuma ba ta amsa. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukan malamanmu ya bambance maniyyi da maziyyi da wadiyyi, tare da abin da ke wajabta wanka da wanda ke wajabta alwala. Hukuncin tsarki na malamai ne. Abin da za mu kawo a nan shi ne bayanin likitoci.

Yadda jikin mace ke amsawa

A shekarar 1966 wasu masana biyu na Amurka, William Masters da Virginia Johnson, suka kasa amsawar jiki lokacin saduwa zuwa matakai huɗu: motsuwar sha'awa, daidaituwarta a sama, kaiwa ga inzali, sannan komawar jiki yadda yake. A matakin farko jini yana taruwa a al'aura, bugun zuciya da numfashi su ƙaru. A lokacin inzali tsokokin ƙasan mara suna matsewa suna saki a jere. Galibi jikin mace ya fi na namiji buƙatar lokaci, kwanciyar hankali da wasa kafin saduwa. Gajiya, tsoro, jin zafi da ɓacin rai duk suna iya tsayar da wannan amsawa.

Ruwa iri uku na lafiya

Na farko shi ne danshin da aka fi sani da ni'ima. Yana tsatsowa daga bangon farji saboda taruwar jini, wasu 'yan jakunkuna biyu da ke bakin farji kuma suna ƙara masa santsi. Amfaninsa shi ne hana gogewa da jin zafi. Yakan ragu lokacin shayarwa da bayan ɗaukewar al'ada, saboda raguwar sinadarin jikin mace da ake kira istirojin.

Na biyu ɗan ruwa ne kaɗan, fari-fari kamar tsararren nono, wanda wasu mata ke fitarwa daf da inzali. Yana fitowa daga wasu ƙananan jakunkuna da ke gefen hanyar fitsari, waɗanda likita Alexander Skene ya bayyana a 1880. Gwaji ya nuna yana ɗauke da wani sinadari irin wanda ake samu a ruwan namiji.

Na uku ruwa ne mai yawa, tsinkakke, wanda ke zubowa lokaci ɗaya har ya jiƙa shimfiɗa. Wani bincike da aka buga a 2015, wanda likitoci a Faransa suka yi a kan mata 7 da na'urar hoton ciki, ya nuna mafitsara ke cika yayin sha'awa sannan ta juye lokacin fitowar ruwan. Wannan ba cuta ba ce matuƙar bai faruwa sai a wannan hali. Yin fitsari kafin kwanciya da shimfiɗa zane na daban sun wadatar.

Mata da yawa ba sa fitar da na biyu ko na uku ko sau ɗaya a rayuwarsu, kuma lafiyarsu ƙalau. Fitarsa ba shi ne ma'aunin gamsuwa ba. Haka nan ba shi da alaƙa da samun ciki, domin ciki na samuwa ne idan maniyyin namiji ya haɗu da ƙwan da mace ke saki kimanin kwana 14 kafin al'adarta ta gaba.

Alamomin da ke buƙatar asibiti

1. Fitsari na zuba dare da rana ba tsayawa, musamman bayan doguwar naƙuda ko yankan gishiri. Wannan shi ne yoyon fitsari.
2. Fitsari na ɗiga idan an yi tari, dariya ko ɗaukar kaya mai nauyi. Yawanci raunin tsokar ƙasan mara ne bayan haihuwa, kuma ana koyar da motsa jiki na ƙarfafa ta.
3. Ruwa mai wari, ko mai launin kore ko ɗorawa, tare da ƙaiƙayi, ƙuraje ko zafin fitsari. Idan gwaji ya nuna cuta ce mai yaɗuwa ta saduwa, dole a yi wa miji da dukan matansa magani tare.
4. Jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke. Yana iya zama alamar farko ta sankarar bakin mahaifa.
5. Zafi mai tsanani duk lokacin saduwa.

Jiharmu tana da gata a fannin yoyon fitsari. Asibitin Babbar Ruga da ke kan hanyar Katsina zuwa Batsari cibiya ce ta ƙasa ta wannan aiki, inda likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya fara ɗinkin gyara a 1984. Mafi yawan masu wannan lalura suna warkewa idan aka yi musu aiki. Sauran matsalolin kuwa, a fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, daga nan a tura mai lalura zuwa babban asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma.

Gargaɗi kan kayan mata da yanka

Muna jan hankalin mata da su guji cusa garin magani, alif, kanwa ko wani haɗi da ba a san sirrinsa ba a farji, da sunan ƙarin ni'ima ko matsi. Waɗannan suna ƙona fata, su kashe ƙwayoyin halitta masu kare wurin, su buɗe ƙofa ga cuta. Wanke waje da ruwa mai tsabta ya isa. Mai fama da bushewa ta nemi man santsi na asibiti. Yankan gishiri da cire angurya ba sa maganin rashin sha'awa ko zafin saduwa, illa ma su jawo zubar jini, tabo da yoyon fitsari.

Kira ga shugabanni da magidanta

Muna roƙon hakimai, dagatai, masu unguwanni da limamai daga Ruma da Wagini har zuwa Runka da Babban Duhu da su ƙarfafa wa magidanta gwiwar barin iyalinsu zuwa asibiti da wuri. Jami'an lafiya su tanadi wurin da mace za ta yi magana da ma'aikaciya mace cikin sirri. Magidanci kuma kada ya yanke wa matarsa hukunci a kan abin da halitta ce. Idan ya ga alamar cuta, ya kai ta asibiti da kansa, ya kuma yarda a duba shi idan likita ya buƙaci haka.