Mallaka a Harɗaɗɗun Sunaye: Misalai daga Tarihin Damagaram

Manufar wannan ɗan nazari ita ce nuna yadda ake ƙulla mallaka ga harɗaɗɗen suna, wato sunan da aka gina da kalma biyu ko fiye, da kuma abin da hakan ke haifarwa ga mai rubuta tarihin Damagaram.

A Ingilishi, alamar mallaka takan zauna a jikin mai abu, kuma idan sunan harɗaɗɗe ne sai ta koma can ƙarshensa. Saboda haka matafiyi irin James Richardson, wanda ya sauka Zinder a 1851, idan zai ambaci dawakin sarki da harshensa, cewa zai yi "the Sultan of Zinder's horses", alhali dawakin ba na garin ba ne. Hausa kuwa takan ɗora mahaɗi, -n ko -r, a jikin abin da aka mallaka. Sai dai harsunan biyu sun yi tarayya a wuri guda: alamar takan jira harɗaɗɗen suna ya cika tukuna.

Sarautun fadar Damagaram sun isa misali. Daular ta kafu a ƙarni na 18 ƙarƙashin Barno, don haka ta gaji sarautu masu kalma ɗaya irin su Ciroma da Galadima. Waɗannan, ko da yake sun ƙare da wasalin -a, -n suke ɗauka domin maza ke riƙe da su: Ciroman Damagaram, Galadiman Damagaram. Sarautun Hausa kuwa galibinsu harɗaɗɗu ne, kamar Sarkin Fulani. Idan aka ce Sarkin Fulanin Damagaram, fassara biyu ke akwai: ko dai mai sarautar Sarkin Fulani a fadar, ko kuwa shugaban Fulanin da ke zaune a ƙasar. Nahawu kaɗai ba zai raba gardama ba, sai an koma ga tarihin sarautar.

Lamarin ya fi nauyi a sunayen dangantaka. A dubi waɗannan:

(1) ɗan'uwan sarki
(2) ɗan uwar sarki

A (1) ɗan'uwa ya zama kalma guda ta jinsin namiji, shi ya sa ya ɗauki -n duk da cewa uwa tamata ce. A (2) kalmomi biyu ne, kuma ma'anar ita ce wanda mahaifiyar sarki ta haifa. Ibrahim da Tanimun, ƴaƴan Sarki Sulaiman wanda ya mai da Zinder babban birni, sun daɗe suna takaddama kan gadon mulki kafin Tanimun ya zauna daram daga 1851 zuwa 1884. Wanda ya rubuta (1) game da su ya tsaya ga cewa jini ɗaya ne. Wanda ya rubuta (2) ya ƙara da'awar cewa ɗaki ɗaya suka fito. A gidan sarauta mai mata da ƙwaraƙwarai wannan ba ƙaramar magana ba ce, tun da magajin Tanimun ma da sunan mahaifiyarsa aka san shi, Sulaiman ɗan Aisa. Wajibi ne mai ɗaukar labari daga bakin dattawa ya saurara da kyau, domin harafi ɗaya na iya sauya salsala. Haka kuma kada a ɗauka ƙa'idar ta game ko'ina: uwargida tamata ce, amma uwargidan sarki ake cewa, ana bin jinsin gida.

Bayan da Faransawa suka ci Zinder a 1899, zamanin Ahmadu Kuran Daga, rubutun boko ya kawo wani ruɗani. Marubutansu sun riƙa yanke mahaɗi daga kalmar farko suna jingina shi ga ta biyu, kamar yadda aka rubuta Birni N'Konni maimakon Birnin Ƙonni. Daidaitacciyar Hausa ta mayar da mahaɗi mazauninsa, amma tsofaffin takardun mulkin mallaka suna ɗauke da wancan salo. Mai amfani da su sai ya fara mayar da kowane suna yadda mutanen Birni da Zango ke faɗarsa, sa'an nan ya yanke hukunci kan wane ne ya mallaki me.