Tarihin Sadarwa da Ƙaramar Kwamfutar Gida: Misalin VIC-20

Gabatarwa

A farkon shekarun 1980, mutumin da ya sayi kwamfutar gida a ƙasar Amurka yakan so ya haɗa ta da wayar tarho domin ya yi hulɗa da manyan kwamfutoci na nesa. Abin da ke tare masa hanya shi ne ƙarancin ƙwaƙwalwar na'urar. Wannan maƙala za ta dubi yadda aka yi fama da wannan matsala a kan kwamfutar VIC-20 ta kamfanin Commodore, da yadda ƙarancin ya tilasta wa masana shimfiɗa ƙa'idojin zance tsakanin na'urori, waɗanda ake cin moriyarsu har yau.

Mece ce taminal?

Kafin kwamfuta ta shiga gidaje, mallakar jami'o'i ce da bankuna da ma'aikatun gwamnati. Babbar kwamfuta guda takan zauna a ɗaki na musamman, mutane da yawa kuma su yi aiki da ita daga nesa ta hanyar wata na'ura mai allo da madannai da ake kira taminal. Taminal ba ta yin lissafi. Aikinta biyu ne kawai: ta aika harafin da aka danna, ta kuma nuna harafin da aka maido mata. Wadda ta fi shahara ita ce VT100, wadda kamfanin DEC ya fitar a 1978. Allonta na ɗaukar layi 24, kowane layi da harafi 80, jimilla harafi 1,920.

Da kwamfutocin gida suka bayyana, sai aka ga za a iya rubuta manhajar da za ta sa su kwaikwayi taminal. Ana haɗa kwamfutar da modem, wato na'urar da ke mayar da haruffa sauti domin su bi ta wayar tarho, sannan ta mayar da sautin da ya shigo haruffa. Modem ɗin da talaka ke iya saye a lokacin yana tafiyar da bit 300 a daƙiƙa, kimanin harafi 30 ke nan.

VIC-20 da lissafin ƙwaƙwalwarta

An fara sayar da wannan kwamfuta a Japan a 1980 da sunan VIC-1001, sannan ta shiga kasuwar Amurka a 1981 a kan kusan dala 300. Shugaban kamfanin, Jack Tramiel, ya ƙudurta yin kwamfutar da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saye, kuma ita ce kwamfuta ta farko da aka sayar da guda miliyan ɗaya. Domin a rage farashi, talabijin ɗin gida ne allonta, kaset kuma ma'ajiyarta.

Ƙwaƙwalwar aikinta kilobayit 5 ce, wato bayit 5,120, kuma kowane bayit harafi ɗaya yake riƙewa. Na'urar kanta tana cinye 1,024 domin harkokinta na ciki, allo ya ɗauki 512. Shi ya sa duk wanda ya kunna ta yakan ga sanarwa cewa bayit 3,583 ne suka rage masa. Wannan maƙala da ake karantawa ba za ta shiga cikin wannan gurbi ba.

A 1982 kamfanin ya fitar da VICMODEM, modem mai araha wanda shi ma aka sayar da fiye da miliyan ɗaya. Yana zuwa da manhajar VICTERM a kaset, da damar gwada CompuServe, kamfanin da a lokacin ke sayar da labarai da zaurukan tattaunawa ta waya. Mai amfani yakan buga lambar da hannunsa, idan ya ji ƙarar kwamfutar nesa sai ya cire igiyar kan tarhon ya soka ta a modem.

Matsaloli huɗu

Matsala ta farko ita ce wurin jira. Haruffa na shigowa ko manhaja ta shirya ko ba ta shirya ba, don haka dole a tanadi wani zaure a cikin ƙwaƙwalwa inda za su dakata. Da zarar an buɗe hanyar sadarwa, VIC-20 takan ware bayit 256 domin masu shigowa, 256 domin masu fita. Saura 3,071, kuma a cikinsu ita kanta manhajar za ta zauna. Idan zauren ya cika kafin a kwashe, haruffan da suka biyo baya sun salwanta.

Ta biyu ita ce faɗin allo. VIC-20 na nuna layi 23, kowanne da harafi 22, jimilla 506. Layi guda na babbar kwamfuta yakan karye gida huɗu a kansa, jadawalin da aka tsara da kyau ya zama tarkace. Allon yakan cika cikin daƙiƙa 17, rubutun sama ya ɓace. Wanda ya so ya riƙe cikakken shafin VT100 a ƙwaƙwalwa, sai ya sadaukar da fiye da rabin abin da ya mallaka.

Ta uku ita ce ajiya. Ko da manhajar ba ta ci ko bayit ɗaya ba, saƙon da ke shigowa zai cika ƙwaƙwalwar kafin minti biyu. Kaset ɗin yana da nawa, kuma na'urar ba ta iya rubutu a kansa tana sauraron waya a lokaci guda ba tare da hasarar haruffa ba. Ga shi a lokacin CompuServe na cajin kuɗi a kan kowace sa'a, ban da kuɗin tarho idan kiran na nesa ne. Duk saƙon da ya zube, sai an sake biya kafin a same shi.

Ta huɗu ita ce bambancin lambobin haruffa. Da yawa daga cikin manyan kwamfutoci na amfani da tsarin ASCII, Commodore kuwa tana da nata mai suna PETSCII. Idan ba a fassara ba, manyan baƙaƙe sukan fito ƙanana, ƙanana su fito manya. Dole manhaja ta juya kowane harafi a shiga da fita, wannan ma wuri yake ci. Ɗalibin Hausa zai lura cewa ASCII mai alamomi 128 ba shi da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Shi ya sa masu rubuta Hausa a kwamfuta suka daɗe suna barin ƙugiya ko su maye gurbinta da wata alama, kafin tsarin Unicode da ya fito a 1991 ya yaɗu.

Dabarun da aka yi

Hausawa na cewa daidai ruwa daidai tsaki. Masu rubuta manhaja sun guji harshen BASIC mai nawa, suka koma rubutu da harshen injin 6502 kai tsaye, wanda ya fi sauri kuma bai cin wuri. Masu hali suka sayi katin ƙarin ƙwaƙwalwa na kilobayit 3 ko 8 ko 16. Amma maganin da ya fi ɗorewa shi ne koya wa na'urori ladabin zance.

Dabara ta farko an gaje ta daga injinan buga saƙon waya. Idan zauren jira ya kusa cika, ƙaramar kwamfuta takan aika alamar XOFF, ma'ana a dakata. Idan ta kwashe, sai ta aika XON, ma'ana a ci gaba.

Dabara ta biyu ita ce yanka saƙo gunduwa-gunduwa. A 1977 Ward Christensen, wani ma'aikacin IBM a yankin Chicago, ya rubuta ƙa'idar da aka sani da XMODEM. Ana aika bayit 128, a haɗa da lambar gunduwar da wata jimilla ta tantancewa. Mai karɓa ya sake lissafin: idan ya yi daidai ya amsa, a aiko ta gaba, idan hayaniyar layi ta ɓata wani abu, ya ce a maimaita. Mai aikawa ba ya gaba sai an amsa masa. Ta haka na'urar da ba ta iya riƙe shafi biyu take karɓar fayil ɗin da ya ninka ƙwaƙwalwarta sau da yawa, muddin tana da inda za ta sauke kowace gunduwa. Christensen bai sayar da ƙa'idar ba, ya bar ta kyauta, shi ya sa ta bazu zuwa kusan kowace irin kwamfutar gida. Shi da abokinsa Randy Suess ne kuma suka buɗe CBBS a watan Fabrairu na 1978, allon sanarwa na farko da jama'a ke kira ta modem.

A 1981 Frank da Cruz da Bill Catchings na Jami'ar Columbia da ke New York suka fito da Kermit, domin ɗalibai su kwashe ayyukansu daga babbar kwamfuta zuwa faifansu. Gunduwarsa ba ta kai harafi 100 ba, kuma tun a farkon haɗuwa kowace na'ura takan faɗi iyakar abin da za ta iya ɗauka, mai ƙarfi ya bi ƙarfin mai rauni.

Kammalawa

Commodore 64 da ta fito a 1982 ta zo da kilobayit 64 da layi mai harafi 40, aka daina ƙera VIC-20 a 1985. Ƙarancin ya wuce, amma ƙa'idojin sun zauna. Intanet ta yau ma gunduwa-gunduwa take aika saƙo, tana tantance kowace, tana maimaita wadda ta ɓace, mai karɓa kuma yana sanar da mai aikawa yawan abin da zai iya ɗauka. Ba daga VIC-20 intanet ta samo wannan ba, domin masana sun yi ta aiki a kansa tun shekarun 1960. Abin da ƙananan kwamfutocin suka yi shi ne kai wannan hikima ɗakin talaka, suka nuna cewa mai bayit 3,583 zai iya zance da kwamfutar jami'a, matuƙar an ba shi damar cewa a dakata da a maimaita.