Partizan Minsk: Kulob Ɗin Da Attajiri Ya Ɗaga Ya Kuma Saki

Yau mun ɗan ajiye labarin soyayya, zan kai ku ƙasar Belarus, birnin Minsk, mu ga tashi da faɗuwar wani kulob na ƙwallon ƙafa. Da na bi tarihinsa sai na ga kamar littafi ne irin namu.

An kafa shi a 2002 da sunan MTZ-RIPO, bayan an haɗe ƙananan kulob biyu. Ɗayansu Traktor ne, na babban kamfanin ƙera taraktoci na Minsk, daga nan MTZ ɗin ya samo asali. Sai ga wani attajiri, Vladimir Romanov, mai bankin Ukio na ƙasar Lituweniya, wanda kuma ya mallaki kulob ɗin Hearts na Sikotilan, ya zuba kuɗi. Nan da nan abubuwa suka canza. A 2005 suka ci kofin ƙasa, suka je har Budapest suka doke Ferencvaros da ci 2 da nema a gasar kofin UEFA. A 2008 suka sake ɗaukar kofin.

To amma kowa ya hau motar kwaɗayi ya san tashar da za ta sauke shi. A 2010 aka sauya suna zuwa Partizan, a shekarar kuma suka faɗa rukuni na biyu. Sun yi ta maza a 2011 suka ci gurbin komawa sama, sai uban gidan ya janye hannunsa. Ba kuɗi, ba lasisi, gurbin ya tafi a banza.

Nan ne wurin da ya fi taɓa ni. Magoya bayan kulob ɗin, matasan da aka sani da ƙyamar wariyar launin fata, suka ce ba za su bari a binne shi ba. Suka yi karo-karo, 'yan uwansu na wasu ƙasashen Turai suka taimaka, suka sake farawa daga gasar cikin birnin Minsk a 2012. Ku duba fa, kulob ɗin da ya taka leda a Turai! A 2013 suka hau rukuni na uku na ƙasa, shekarar da bankin Romanov ɗin kansa ya durƙushe.

Karo-karon talaka bai iya ɗaukar kuɗin fili da na mota ba. A 2014 Partizan ya daina wasa.