ALKAMA, TANDERU DA CUKU: TARIHIN WANI ABINCI DA YA TSAYA A HANYA A ƘAUYUKAN AREWACIN KANO

1.0 GABATARWA

Malaman tarihi sun daɗe suna nazarin hulɗar ƙasar Hausa da Arewacin Afirka, amma galibi hankalinsu yakan tafi ne ga addini da sarauta da fatauci. Abin da ke cikin tukunya kuwa ba kasafai akan waiwaye shi ba, alhali shi ma shaida ne. Wannan takarda za ta dubi wani nau'in abinci da ya shahara daga Tarabulus har ƙasar Turkiyya, watau kwaɓin alkama da akan murza ya yi siriri kamar takarda, a naɗe cuku a cikinsa, a gasa ko a soya. Turkawa suna kiransa burek, mutanen Tunis suna cewa birik. Shi fallen kwaɓin kuwa Girkawa suna ce masa filo, mutanen Maroko suna ce masa warƙa, kalmar da mu ma muke amfani da ita ga fallen littafi.

Tambayar da takardar ta ɗora wa kanta ita ce: tun da gurasa da alkubus da alkaki duk sun ƙetaro Sahara sun zauna daram a Kano, me ya hana wannan ɗan'uwan nasu zama? Za a nemi amsar a ƙauyukan da ke arewa da birni, irin su ƙasashen Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta, domin su ne rumbun birnin, kuma abin da gonarsu da garkensu ba su bayar ba da wuya ya zama abincin kowa.

2.0 ZUWAN ALKAMA DA 'YA'YANTA

Harshe shi ne shaida na farko. Kalmar alkama daga Larabci take, haka nan alkubus, wadda asalinta sunan burodi ne a Larabci, da alkaki, da gurasa, wadda ta samo asali daga kalmar da ke nufin abu mai faɗi kewayayye. Tun ƙamus ɗin Bargery na 1934 da nazarin Greenberg na 1947 aka tabbatar da yawan kalmomin Larabci a Hausa, kuma abin lura shi ne kusan duk abincin alkama sunansa baƙo ne, alhali tuwo da fura da koko sunayensu na gida ne.

Shaida na biyu ya fito daga matafiya. Lokacin da Ibn Battuta ya biya ta Takadda, a yankin Azbin, cikin 1353, ya tarar ana noma alkama 'yar kaɗan, kuma ya nuna fatake da baƙi ne masu cinta. Wannan siffa ta bi alkama har Kano. Daga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda ake danganta kafa Kasuwar Kurmi da shi, Larabawa suka riƙa zama a birni, kuma sunayen unguwanni irin su Alfindiki da Dandalin Turawa suna tuna mana da su, domin a da Larabawa ake kira Turawa. A ƙarni na 19 fataken Gadamas da Tarabulus ne jigon wannan ciniki. Ita Tarabulus kuwa ta shiga hannun Daular Usmaniyya ta Turkawa tun 1551, saboda haka fataken sun fito ne daga garuruwan da suka san burek.

Akwai dalilin da zai sa mu yarda cewa fasahar murza kwaɓi ya yi siriri ta iso Kano. Dubulan, wanda ake kai wa amare a cikin gara, kwaɓin alkama ne da akan murza falle-falle, a naɗe, a soya, sa'an nan a tsoma a ruwan sukari ko zuma. A Libiya da Tunis akwai irinsa mai suna dibla, kuma kamannin suna da na aiki sun yi yawa a ce haɗuwar kan hanya ce. Ke nan hannun macen Kano ya iya murzar. Abin da ya rage a bincika shi ne sauran kayan aikin guda uku: gari da wuta da cuku.

3.0 GONA DA MAKAMASHI

A 1965 Mortimore da Wilson suka buga bincikensu kan ƙasar Ungogo, inda suka nuna cewa jama'a sun yi cunkoso har mafi yawan ƙasar ana nome ta kowace shekara ba hutu. Abin da ya riƙe gona shi ne taki: jakuna sukan shiga birni da itace, su komo da taki cikin mangala. A irin wannan wuri kowane taƙi na ƙasa yana da aikinsa. Gero da dawa da wake su ne abincin gida, gyaɗa kuma ta zama ta kuɗi bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911.

Alkama ba ta shiga wannan tsari na damina, domin sanyi take so. Akan shuka ta wajen watan Nuwamba, a girbe ta wajen Maris, kuma sai an yi mata ban-ruwa. Kafin zuwan madatsun ruwa, wurin nomanta bai wuce fadama da bakin rafi ba, inda manomi yake ɗebo ruwa da jigo guga-guga. Fadamar nan kuma ita ce ta albasa da rake da tattasai. Don haka alkama ta kasance mai tsada, abincin fada da gidajen attajirai da ranar biki. Bayan haka, falle mai siriri yana bukatar gari mai laushi ƙwarai wanda aka raba da dusa, kuma samun wannan daga turmi da dutsen niƙa aiki ne na yini guda. Alkaki da alkubus ba su da wannan fitina, domin tsakin alkama ko garin da bai yi laushi sosai ba ya ishe su.

Sai batun wuta. Inda itace ya zama kayan sayarwa, uwargida da kara take girki, kara kuwa wutarsa mai saurin tashi ce mai saurin mutuwa. Irin wannan wuta ta dace da suya a kasko ko tanda, ta kuma dace da tanderu, domin tanderu tukunyar ƙasa ce da akan zafafa, a manna gurasa a jikinta, cikin ɗan lokaci ta gasu. Amma abin da aka jera falle bisa falle a faranti, aka shafe da mai, aka cusa masa cuku, ba ya mannuwa a bango. Yana son ɗakin gashi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da zafi mai ɗorewa, irin gidajen gashi na unguwa da ake da su a biranen Arewacin Afirka, inda kowane gida yake aika farantinsa. Kano ba ta kafa wannan al'ada ba. Gurasa ta zama sana'ar mata a cikin gida, musamman a unguwannin da ke kewayen Jakara, kuma daga can 'yan talla suke kai ta kasuwannin ƙauye.

4.0 CUKU DA NONO

A nan ne babban cikas yake. Bahaushe ya san cuku, amma a hannun Buzu ya san shi. Azbinawa da makiyayan ƙasar Nijar sukan daskarar da madara da wani sinadari daga cikin tumbin ɗan akuya ko ɗan tunkiya mai shan nono, su shimfiɗa ta a tabarma, su shanya har ta bushe ta zama falle mai tauri. Ayarin raƙuma da yakan sauko da rani da gishirin Balma da dabino yakan zo da shi, kuma ayarin yakan sauka a gonakin arewacin Kano bayan girbi, raƙuma su ci harawa da kara su bar taki. Wannan cuku guzurin matafiyi ne: akan ci shi da shayi ko dabino, ko a daka shi cikin fura. An yi shi ne don ya jure tafiya, ba ya narkewa a wuta yadda farin cukun Turkawa da Girkawa mai laushi da gishiri yake yi.

To, me ya hana a yi ɗanyen cuku a nan gida? Dalilin yana ga tattalin nono. A ƙasar da babu makiyaya sosai, manomi awaki da tumaki da jaki yake ajiyewa, shanun Fulani kuwa sai an kawar da amfani suke shigowa da yawa, watau lokacin da nono yake raguwa. Ɗan abin da aka tatsa yana da kasuwa a shirye. Bafillatana takan bar madara ta kwana ta yi tsami, ta kaɗe ta fitar da man shanu, ta sayar da shi daban, ta sayar da nonon ga masu shan fura. Daga ƙwarya guda ta ci riba biyu, kuma tsamin ya kare nonon daga lalacewa. Cuku kuwa yakan cinye madara mai yawa ya ba da ɗan kaɗan. Fulanin ƙasar Borgu da Ilori, waɗanda suke nesa da kasuwar fura, su ne suka riƙi daskarar da madara da ruwan tumfafiya, abin da Yarabawa suke kira wara. Tumfafiya ta cika ƙasar Kano, saboda haka rashin sani ko rashin kayan aiki ba shi ne dalili ba. Lissafin kasuwa ne ya yanke hukunci, kuma masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi: nono bai bar fura ba.

5.0 ZAMANIN FULAWA

Ƙarni na 20 ya kawar da ɗaya daga cikin matsalolin nan uku. Kwarori, watau mutanen Labanan da Siriya, sun zauna a Kano tun farkon mulkin Turawa, suka zo da nasu abinci, amma ya tsaya a gidajensu da kantunansu. Abin da ya shiga ƙauye shi ne fulawa. An kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960, aka soma niƙa alkamar ƙetare a Apapa a 1962, sa'an nan aka buɗe wata masana'antar a Kano cikin shekarun 1970. Zuwa farkon shekarun 1980 Nijeriya tana sayo fiye da tan miliyan 1 na alkama a shekara, akasari daga Amurka, abin da Andrae da Beckman suka kira tarkon alkama a littafinsu na 1985.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin noma ta a gida. An kammala madatsar Tiga a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, aka buɗe filayen Kadawa, kuma a arewa aka gina madatsun Tomas da Jakara da Gari da Watari. An hana shigo da alkama a 1987, aka janye hanin a 1992, kuma alkamar gida ba ta taɓa kusantar biyan bukata ba. Sakamakon shi ne gurasa da dubulan da finkaso, waɗanda a da alkamar fadama ce asalinsu, suka koma dogaro da buhun da farashinsa yake bin canjin kuɗin waje.

A wannan zamani ne abinci mai naɗi da cushe ya sami shiga, ta hanyar alhazai masu komowa daga Makka da Jidda da kuma Indiyawa da Kwarori mazauna birni. Shi ne sambusa, wanda ya zama abin buɗa-baki da azumi da na walima. Amma dubi yadda aka karɓe shi: nama da albasa da attaruhu aka cusa a madadin cuku, aka kuma soya shi a kasko. Hatta matan da suke gasa kek a gida ba tare da na'ura ba, tukunya suke zuba wa yashi, su sa garwashi sama da ƙasa. Gurbin cuku mai laushi kuwa waken suya ne ya cike shi daga shekarun 1980, da sunan awara, wanda aka aro daga wara ɗin nan ta Yarabawa.

6.0 KAMMALAWA

An ga cewa suna da fasaha sukan yi tafiya a bayan raƙumi, amma abinci ba ya zama sai gona da murhu da garke sun amince da shi. Kano ta karɓi abin da tsakin alkama da wutar kara za su iya, ta bar abin da yake neman madarar da fura ta riga ta kama. Wannan darasi ya shafi masu tsara manufofin noma da malaman koyar da tattalin gida a kwalejojinmu. Sana'ar dubban mata masu gurasa da alkaki da sambusa ta rataya ga fulawar ƙetare, kuma duk ranar da buhu ya yi tsada jarinsu ne yake fara karyewa. Tsarin da zai taimake su shi ne wanda zai fara daga fadamar Tomas da Watari, da ƙananan injinan niƙa na ƙauye, da ƙwaryar Bafillatana, ya kuma nemi tsofaffin masu tanderu a rubuta abin da suka sani tun suna raye.