Malamin Kimiyya na Ƙaramar Sakandare a Birnin Kano: Tarihin Horonsa da Matsayinsa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi sawun horon da ake ba malamin kimiyya na ƙaramar sakandare a Kano, mu kuma duba irin martabar da yake samu. Mun ɗauki unguwar Mandawari, da ke Ƙaramar Hukumar Gwale a cikin birni, ta zama mafarin bayaninmu, saboda sunanta kansa darasi ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yaji (1349-1385) Wangarawa suka iso daga Mali ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite, kuma daga cikinsu akwai Mandawari, wanda aka ba limanci. Da wannan malami ake danganta sunan unguwar. Ashe ke nan Kanawa sun daɗe da sanin yadda ake girmama mai ilmi. Tambayarmu ita ce: me ya sa malamin da ke fara buɗe wa yaro ƙofar kimiyya bai sami rabonsa daga wannan gado ba?

Daga Nasarawa zuwa Gwale

Ilmin boko ya shigo Kano a 1909, lokacin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa. A 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina don horar da malamai, kuma ɗalibanta ne suka riƙe makarantun midil, har da Midil ta Kano wadda ta zama Kwalejin Rumfa. Amma burin Turawan mulki shi ne samar da ma'aikatan En'e, saboda haka Turanci da lissafi suka fi samun kulawa. Abin da ya yi kama da kimiyya bai wuce tsabta da aikin gona da sanin halittu na kusa ba. Wato malamin kimiyya, a matsayin mai sana'a ta musamman, bai riga ya bayyana ba.

Abubuwa biyu suka sauya wannan hali. Na farko, a 1957 aka kafa Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, wato STAN, wadda ta ba malamai dandalin bita da musayar dabarun koyarwa. Na biyu, rahoton Kwamitin Ashby na 1960 ya nuna ƙarancin ƙwararrun malaman sakandare, kuma daga shawarwarinsa aka sami manyan kwalejojin horon malamai da takardar shaidar NCE. A 1961 aka buɗe wata kwalejin horon malamai a Gwale, maƙwabciyar Mandawari, da taimakon Amurka. Ita ce daga baya ta koma mazauninta na Ƙofar Famfo, ta kuma zama Kwalejin Ilmi ta Tarayya, Kano.

Sabon darasi, tsohon horo

Bayan babban taron manhajar karatu da aka yi a Legas a 1969, STAN ta tsara darasin haɗakar kimiyya don ƙananan azuzuwan sakandare. Manufarsa ita ce yaro ya ga kimiyya a dunƙule, ya koye ta da hannunsa da idonsa, kafin a rarraba masa ita zuwa ilmin halittu da na sinadarai da fiziks. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta zo da tsarin 6-3-3-4, wanda jihohi suka shiga aiwatarwa daga 1982, sai wannan darasi ya zama wajibi a shekaru ukun ƙaramar sakandare.

A nan ne gizo ya fara saƙa. An sauya darasi, amma ba a sauya horon mai koyar da shi a kan lokaci ba. Yawancin malaman da aka miƙa wa aikin sun ƙware ne a fanni ɗaya ko biyu. Wanda ya karanta ilmin halittu, in ya iso babin lantarki, sai ya rubuta bayani a allo ya wuce. Daɗin daɗawa, shirin ilmin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya cika makarantu da yara, har aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekara don ƙara wa malamai ilmi suna bakin aiki. Sai dai ƙarfinta ya fi karkata ga malaman firamare, shi kuwa malamin ƙaramar sakandare ya zauna a tsakiya.

Makarantun kimiyya na 1977

A 1977 Jihar Kano ta kafa hukumar makarantun sakandare na kimiyya, ta buɗe makarantu biyu a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Babu mai musun alherin wannan shiri, domin likitoci da injiniyoyi masu yawa na Kano da Jigawa daga can suka fito. Amma akwai abin lura. Waɗannan makarantu ba daga aji ɗaya suke ɗaukar ɗalibai ba. Ta hanyar jarrabawa suke zaɓo yaran da suka riga suka yi ƙananan azuzuwa a wasu makarantu. Ke nan yaron Mandawari ko Galadanci da ya ci wannan jarrabawa, wani malami ne ya yi masa shimfiɗa, sau da yawa a aji mai cunkoso, ba ɗakin gwaje-gwaje. Idan yaron ya zama likita, makarantar da ta yaye shi ake yabo. An ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dokoki da lambobin yabo

Ba za mu ce hukuma ta yi shiru ba. A 1989 aka kafa Hukumar Kula da Kwalejojin Ilmi ta Ƙasa, wadda ta daidaita manhajar NCE. A 1993 aka yi dokar Majalisar Rajistar Malamai, don malanta ta zama sana'a mai ƙa'ida kamar likitanci. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗe firamare da ƙaramar sakandare a shekaru 9, darasin kuma ya koma sunan kimiyya ta tushe. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekaru 40 na aiki. Haka kuma kowace ranar 5 ga Oktoba ana bikin Ranar Malamai ta Duniya, ana raba kyaututtuka.

Duk da haka, mu da muke zagayawa duba ɗalibanmu lokacin gwajin koyarwa mun ga gibin da ya rage. Malamin da ya ƙaro ilmi ya sami digiri, ladansa shi ne a ɗauke shi daga ƙaramar sakandare zuwa babba, ko zuwa ofis. Ma'ana, hanyar ci gabansa ita ce barin wurin da aka fi bukatarsa. Lambar yabo ta mutum ɗaya a shekara ba ta gyara wannan.

Kammalawa

Tarihin da muka bi ya nuna cewa sau da yawa ana sauya manhaja kafin a shirya malami, kuma yabo yana tafiya ga matakin ƙarshe, ba ga tushe ba. Saboda haka muna ba da shawarwari uku. Na farko, kwalejojin ilmi su riƙa shirya bitar hutu a kai a kai ga tsofaffin ɗalibansu, kan fannonin da ba su ƙware ba, da yadda ake harhaɗa kayan gwaji daga abin da ke kasuwar Kurmi da maƙerun birni. Na biyu, a buɗe hanyar ƙarin girma da za ta kai malami babban mataki yana nan a ajinsa. Na uku, makarantun kimiyya su riƙa ajiye sunayen makarantu da malaman da suka turo musu ɗalibai, a kuma bayyana su ga jama'a.

Ya rage gare mu malaman kwalejoji mu fara da abin da ke hannunmu, wato shawara ta farko. Birnin da ya riƙe sunan limami ɗaya sama da shekaru 600 ba zai kasa sanin sunan wanda ya fara nuna wa ɗansa yadda tsiro ke numfashi ba.